Kyamarar fim da tsohuwar tashar jirgi: amsa ga wani saurayi daga unguwar Zariya

Tambayar ta zo ne daga wani saurayi a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ga abin da ya ce: "Baba, kawuna magini ne, yana cikin waɗanda aka ɗauka aikin gyaran wani tsohon siton kaya da ofishin tashar jirgin ƙasa a ƙetaren iyaka, cikin Najeriya. Aikin zai kai wata shida, kuma zan riƙa kai masa ziyara. Ina da kyamarar mahaifina marigayi, Pentax K1000. Ina son in ɗauki aikin da ita tun daga farko har ƙarshe. Za ta iya? Wane fim zan nema, kuma yaya zan yi da zafi da ƙura irin namu?"

Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana, ya sa aljanna ce makomarsa. Kyamarar da ya bar maka za ta iya, har da ƙari. An fara ƙera K1000 a 1976, ba a daina ba sai 1997, kuma abin da ya sa ta daɗe haka shi ne ƙarfe ce da zare da sifirin, ba ta jiran batir kafin ta ɗauki hoto. Ƙaramin batir ɗin da ke cikinta, LR44 irin na agogo, ma'aunin haske kawai yake ciyarwa. Na yi shekaru sama da talatin ina ɗauka ina wankewa a garin nan, kuma da irinta na ci abinci lokaci mai tsawo. Amma kafin mu shiga maganar fim, akwai abin da ya fi kyamarar muhimmanci, shi zan fara gaya maka, domin shi ne wanda idan ya wuce ba ya dawowa.

Ka je wurin tun ba a taɓa komai ba. Ko da zai sa ka bar wani uzuri, ka riga masu aiki isa, ko ka isa tare da su ranar farko ka roƙi kawunka su ba ka yini guda kafin su cire kwano ko su sa guduma a bango. Ginin da aka gama gyarawa kowa zai ɗauke shi da waya ranar da manya suka zo yanke ƙyalle. Ginin da yake tsaye da tsatsarsa, da ramukan gara a katakonsa, da rubutun da wani ma'aikaci ya yi da gawayi a bango shekaru hamsin da suka shige, wannan kai kaɗai za ka ɗauka, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne. Mu mutanen Maraɗi mun san zafin wannan. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari na cikin fadama, aka tashi aka hau tudu, yanzu in kana son sanin yadda lungunansa suke sai ka nemi dattijo ya zana maka a ƙasa da yatsa. Gani ya kori ji. Saboda haka rabin fim ɗin da ka tanada ka kashe shi a ziyarar farko, kada ka ji ciwon hakan.

Kuma ka san abin da kake kallo. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe zirga-zirga tsakanin Legas da Kano a 1912. Reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, na Nguru kuma a 1930. Mu ba a kawo mana shi ba. Gyaɗar da kakanninmu suka noma a Tasawa da Madarunfa da Gidan Rumji, a bayan jakai da raƙuma ta fara tafiya, daga baya a manyan motoci, har ta kai bakin dogo a Kano, ta shiga cikin dalar gyaɗar da ake ba da labari. Irin siton da kawunka zai gyara, a cikinsa ake auna buhu, ake jibge fatu da auduga kafin tarago ya zo. Watau tarihinmu ne kake shirin ɗauka, ko da ginin yana wata ƙasa. Tsohon layin faɗinsa milimita 1067 ne, sabon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, faɗinsa milimita 1435. Jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. Duk abin da ka gani a tsohuwar tasha na wani zamani ne da ba za a sake ƙera irinsa ba.

Hanyar da nake ba da shawara ita ce ta kafa ƙafa wuri guda. Ranar farko ka fara da zagaya ginin kafin ka ɗauki komai, ka zaɓi wurare bakwai ko takwas da za ka riƙa tsayawa: fuska huɗu daga waje, ɗaya daga kan dogo ana hango tsawon dandamali, biyu ko uku daga ciki. Kowane wuri ka yi masa alamar da aiki ba zai share ba. Ƙusa a gindin bishiya, ɗigon fenti a kan ƙarfen dogo, ko ka ƙirga taku daga wani abu da ba zai motsa ba. Ka auna tsayin kyamara daga ƙasa da igiya, ka ɗaure ƙulli, ka ajiye igiyar cikin jaka. Duk zuwan da za ka yi, ka koma waɗannan wurare, da gilashin gaban kyamara guda, da tsayi guda, a lokaci guda na yini. Bayan wata shida idan ka jera hotunan wuri ɗaya a kan tabarma, za ka ga rufi yana sauka, bango yana buɗewa, sabon katako yana hawa, kamar ginin yana numfashi. Wanda ya riƙa ɗauka duk inda idonsa ya ga kyau zai tara hotuna masu daɗin kallo, amma ba za su haɗu su ba da labari ba. Ka yi lissafi: wuri takwas, kowanne hoto biyu, sha shida ke nan, fim mai 36 ya bar maka ashirin na mutane da ƙananan abubuwa. Fim biyu a kowace ziyara sun wadatar, in ban da ta farko.

Littafi kuma dole ne. Ƙaramin littafin ƴan lakwal ya isa. Kowane fim ka ba shi lamba, ka rubuta a jikin gwangwaninsa, sannan a littafi ka sa kwanan wata, wurin tsayuwa, lokaci, buɗin ido (faɗin kafar da haske ke shiga ta gilashi) da saurin ƙyaftawa (tsawon lokacin da haske ke faɗa wa fim), da sunan wanda ke cikin hoton da aikinsa. Waya tana ajiye maka kwanan wata ba ka sani ba, fim ba ya yi. Wata dabara da na daɗe ina yi: hoton farko na kowane fim, in ɗauki allo ko takarda da na rubuta kwanan wata da sunan wuri da manyan baƙaƙe. Ko littafi ya ɓace, shaidar tana jikin dodon hoton kansa, watau fim ɗin da aka wanke, wanda daga shi ake buga hoto.

Yanzu kyamarar. Ta daɗe a ajiye, kada ka yarda da ita sai ka gwada. Ka buɗe bayanta, ka kalli haske ta cikinta, ka danna a kowane sauri daga 1/1000 har daƙiƙa ɗaya. A daƙiƙa ɗaya za ka ji wani ɗan zuuu mai tafiya daidai, idan ya riƙa tsayawa yana ci gaba, man cikinta ya daskare, sai mai gyara. Ka duba sosan da ke zagaye da murfin baya da wanda madubi ke bugawa. A zafinmu yakan narke ya zama baƙin danƙo, kuma ta nan haske ke sata ya ƙona gefen fim. Ana kankare shi da tsinke da ɗan barasar asibiti, a manna sabo, ko siririn zaren ulu baƙi a cikin ramin. Kafin sabon soso ya samu, baƙin salatif a kan gaɓar murfi yana tsare aiki. Ma'aunin hasken K1000 ba shi da makunni, da zarar ka cire murfin gilashi ya fara shan batir, saboda haka ka riƙa mayar da murfin. Abu na ƙarshe, wanda ya taɓa sa ni kuka: bayan ka sa fim ka rufe, ka dubi ƴar maƙallar naɗewa da ke hagu duk lokacin da ka ja gaba. In tana juyawa, fim yana tafiya. Na taɓa ɗaukar bikin aure sukutum, fim bai kama ba, ban lura ba sai da na ga lamba ta wuce 38. Har yau ina jin nauyin mutanen gidan nan a zuciyata.

Gilashin da ya zo da ita mai milimita 50 ne, shi zai yi maka mafi yawan aiki. In ka samu mai 28 don cikin ɗaki, madalla, amma ka riƙe kyamara a miƙe. Da ka ɗaga hancinta sama, bangaye sai su karkata kamar za su haɗe kai, kuma hoton gini mai karkataccen bango ba ya zama shaida ga magini. In rufi bai shiga ba, ka ja da baya ko ka hau wani abu. Ƙafa uku ta ɗora kyamara ta fi maka sabon gilashi amfani. In babu, buhun yashi ko na gero a kan durom yana riƙe ta tsaf.

Fim, baƙi da fari nake ce maka, kuma ina da dalilai. Hoton baƙi da fari azurfa ce zaune a cikin fim, idan an wanke shi da kyau yakan wuce shekara ɗari. Mai launi rini ne, rini kuwa yana kodewa, ka duba hotunan auren iyayenku na shekarun 1980 yadda suka koma ja. Na biyu, baƙi da fari za ka iya wanke shi da hannunka a gida. Na uku, yana da haƙuri da kuskuren awon haske. Seydou Keïta na Bamako ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, kuma saboda ya adana dodon hotunansa da kyau aka sake buga su bayan shekaru arba'in, duniya ta san shi. Ka nemi Ilford HP5 Plus ko Kodak Tri-X, dukansu masu ƙarfin 400, watau lambar da ke nuna saurin fim wajen kama haske. Fomapan na ƙasar Cek ya fi araha kuma yana aiki, sai dai fatarsa ta fi laushi, a ruwan ɗumi yakan karce da wuri. Ka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshe, don hotunan watan farko da na shida su yi kama. Tsohon fim da ya wuce wa'adi, wanda ake samu a kantar wasu tsofaffin shaguna, ka bar shi don wasa, kada ka ɗora masa aikin da ba ya maimaituwa. Launi kuma yana da ranarsa: idan masu aiki suka kankare bango suka tarar da fenti hawa uku ko huɗu, wannan ka ɗauka da waya, ka kusanto sosai, domin ta nan za a san asalin launin ginin.

Fim ɗin sai ka yi saƙo, ta hannun ƴan kasuwar da ke fita waje ko ɗan'uwa da ke Faransa. Ka saya gaba ɗaya. Ka gaya wa mai kawowa kada ya sa shi cikin akwatin da ke shiga ƙarƙashin jirgi, ya riƙe a hannu ya roƙi a duba da ido, domin sababbin na'urorin binciken kaya na filayen jirgi suna iya dusar da fim a shiga ɗaya. Idan ya iso, ka sa shi cikin roba mai murfi a firij. Ranar da za ka yi amfani da shi ka fito da shi awa biyu kafin ka buɗe gwangwani, in ba haka ba raɓa ta sauka a kansa. In wuta ba ta zama a unguwarku, firij mai sanyi da ɗumi yana sauyawa ya fi cutarwa, gara ka sa robar cikin tukunyar ƙasa a ɗakin soro mafi sanyi. A hanya kuma, kada ka taɓa barin kyamara ko fim cikin mota a rufe, ko a aljihun babur. A Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce digiri 40, balle cikin ƙarfe.

Maganar haske ita ce inda zan daɗe, domin a nan irin wannan aiki ke lalacewa. A waje, da rana tsaka, akwai tsohuwar ƙa'ida: buɗin ido 16, sauri kuma lambar da ta fi kusa da ƙarfin fim, watau 1/500 ga fim mai 400. Ko batir ya mutu wannan zai fitar da kai. Amma rana tsaka ba lokacin ɗaukar gini ba ne a ƙasarmu. Haske yana saukowa daga kai, inuwar rumfa ta zama baƙi ƙirin, bango ya yi fari fat, babu abin da ke tsakani. Ka ɗauki fuskar gabas da hantsi, ta yamma bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa a kwance yana shafar bango. A wannan lokaci ne kowace tsaga da kowane layin bulo ke fitowa. Haka ma rubutun da ke jikin ƙarfe. Ka durƙusa ka dubi gefen dogo, za ka ga sunan masana'antar da ta narka shi da shekarar da aka yi, a kumbure. Akwai irinsa a jikin sikeli, da ginshiƙan ƙarfe, da ƙararrawa, da tankin ruwa. Da rana tsaka ba sa karantuwa, da la'asar sakaliya kuwa sai ka ga baƙaƙen sun miƙe. Kada ka goge su da wayar ƙarfe don su fito, ka bar wa haske aikin.

Cikin sito kuma wata duniya ce. Duhu ne, sai igiyoyin haske da ke ratsowa ta hujojin kwano, da ƙofa mai walƙiya a can ƙarshe. Bambancin da ke tsakanin hasken ƙofar da duhun lungu ya fi abin da takarda za ta iya ɗauka. Idan ka bar ƙofar ta shiga awo, allurar ma'auni za ta ruɗe ka, hoton ya fito baƙi, ƙofa kawai ake gani. Ga yadda ake yi: ka matsa kusa da wuri mafi duhu wanda kake son a ga abin da ke cikinsa, misali ƙarƙashin katakon rufi, ka auna nan shi kaɗai, sannan ka rage hasken da mataki biyu, watau ka matsa lamba biyu zuwa wajen babbar lamba a saurin ƙyaftawa ko a buɗin ido. Da wannan awo za ka ɗauka. Ka sa buɗin ido a 11 don kusa da nesa su fito tare, abin da zai ja ka zuwa daƙiƙa biyu, huɗu ko goma, shi ya sa na ce ƙafa uku. K1000 tana tsayawa a daƙiƙa ɗaya, abin da ya wuce haka sai ka sa ta a B, ka danna da ƴar igiyar dannawa, ka ƙirga da agogo. Akwai kuma wata ɗabi'a ta fim da ya kamata ka sani: idan ɗauka ta wuce daƙiƙa ɗaya, ƙarfinsa yana raguwa, sai an ƙara masa. A HP5, abin da awo ya ce daƙiƙa 4 ka ba shi 6, 10 ka ba shi 20, 30 kuma kusan 85. Tri-X ya fi shi ci, daƙiƙa 10 takan koma 50. In kana shakka, ka ƙara. Fim na baƙi da fari yana jure yawan haske, amma abin da bai gani ba a duhu babu mai fito da shi. Igiyoyin hasken nan kuwa sun fi fitowa bayan an yi shara, ƙura tana yawo, ka jira wannan lokaci, kuma ka ɗauke su tun ba a sa sabon kwano ba, domin ranar da aka rufe hujojin sun tafi ke nan.

Ɗan gilashi ruwan ɗorawa da ake ɗaurawa a gaban kyamara yana duhunta sama ya fito da gajimare, yana cin mataki ɗaya. A damina da kaka yana da amfani. A hunturu sama fara ce da hazo, babu shuɗin da zai duhunta, amma ka bar shi a kai ko don ya tare ƙura. Hazon kansa ba abin ƙi ba ne, yana tausasa inuwa, kuma fuskokin mutane sun fi kyau a cikinsa. Abin tsoro a hunturu biyu ne. Kada ka sauya gilashi ko fim a fili, ka shiga ɗaki ka juya wa ƙofa baya, domin ƙwayar yashi ɗaya a bayan kyamara za ta ja layi tun daga hoto na ɗaya har na 36. Sannan idan za ka naɗe fim, ka yi a hankali. A busasshiyar iska naɗi da sauri yana haifar da tartsatsin nan da kake ji a jikin bargo, sai ya bar zane kamar reshen bishiya a kan hoto.

Mutane. Ginin ba shi ke gyara kansa ba. Ka ɗauki hannun kawunka yana gwada miƙewar bango, da kafinta yana fiƙe sabon katako ya yi daidai da tsohon, da yaran da ke kwaɓa siminti, da mai kawo musu fura. Ka nemi izinin kowa, kuma wanda ya ce a'a saboda addini ko kunya, ka girmama shi, wani lokaci zai yarda ka ɗauki hannunsa da kayan aikinsa. A kowane garin dogo akwai tsofaffin ƴan reluwe da suka yi ritaya, da labari ya bazu ana gyara za su zo kallo. Ka gaishe su yadda ya kamata, ka zauna ƙasa, ka kunna waya ta naɗi muryarsu, ka tambaye su wane ɗaki ne na me. Su ne za su nuna maka inda ake sayar da tikiti da inda ake ajiye fitilu. A zuwa na gaba ka kawo wa kowa hotonsa a takarda. Wannan haƙƙi ne, kuma shi zai buɗe maka sauran ƙofofi.

Kafin duk wannan, takarda. Tashoshin can mallakar hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ne, kai kuma baƙo ne da kyamara. Ka bi ta hannun mai kwangila ka samu izini a rubuce, ka gaida shugaban tasha da masu gadi ranar farko, ka nuna musu cewa fim ne babu abin da za su gani a bayanta, don kada su zaci ɓoyewa kake yi. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya kyamara ta zauna cikin jaka, kada ka ɗauki shinge, gada ko mai kaki. Ka tambayi halin hanya kafin kowace tafiya, kuma kada dare ya same ka a kanta. A cikin ginin ka kula da macizai da ƙudan zuma, ka ɗaure hanci idan ana kakkaɓe kashin jemage ko ana fasa tsohon silin, domin wasu gine-ginen wancan zamani suna da asbestos, ƙurarsa tana lalata huhu. Mai walda kuma kada ka kalle shi ta cikin kyamara yana aiki. Ka saita kafin ya kunna, ka kau da ido, ka danna.

Saura wanki. Kana buƙatar tankin wanke fim mai murfi, jakar duhu da ake zura hannu a ciki, ma'aunin zafi, da magani biyu, mai fito da hoto da mai kafe shi. ID-11 ko D-76 gari ne, yana jure tafiya. Rodinal ruwa ne mai kauri, tun 1891 ake amfani da shi, kwalba ɗaya takan yi shekaru ba ta mutu ba, sai dai yana fito da tsakuwar fim, watau ƴan ɗige-ɗigen da ake gani a hoto. An tsara wankin baƙi da fari a kan digiri 20, ruwan famfonmu kuwa a bazara kamar na wanka yake. HP5 a cikin ID-11 da aka haɗa rabi da rabi da ruwa yana ɗaukar minti 13 a digiri 20, a digiri 24 kuma wajen minti 9. Ni a 24 nake aiki, ya fi sauƙin riƙewa. Ka ɗebi ruwan randa da asuba, ka tace shi da farin ƙyalle, ka sa ƙanƙara a cikin leda ka tsoma har ya sauko, sannan ka zaunar da tanki da kwalaben duka cikin bahon wannan ruwa. Muhimmin abu shi ne ruwan farko da na ƙarshe su kasance kusa da juna. Fim da ya fito daga sanyi ya faɗa ɗumi fatarsa takan yamutse kamar ƙasar tabki da ta bushe, kuma babu gyara. Fim da ka ɗauka a cikin sito mai ƙofa mai walƙiya, ka rage masa lokacin wanki da kashi ɗaya cikin biyar, hasken ƙofar zai lafa. Bayan kafewa ba sai ka bar famfo yana zuba ba: ka cika tanki ka juya sau 5 ka zubar, ka sake sau 10, ka sake sau 20. Maganin kafewa da ya tsufa yana ɗauke da azurfa, ka tara shi a jarka, kada ka zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Shanya ita ce gwaji na ƙarshe a garin ƙura. Ka yayyafa ruwa a ƙasa da bangon makewayi mai rufi, ka jira ƙura ta kwanta, ka rataye fim da maƙalli a ƙasa, ka rufe ƙofa, kada kowa ya shiga awa biyu. Idan ya bushe ka yanka shida-shida, ka sa cikin rigar takarda, ka rubuta lambar da ke littafinka, ka ajiye cikin akwatin ƙarfe nesa da gara da rana. Don turawa a waya, ka ɗora dodon a kan farin haske ka ɗauka, akwai manhajojin da ke juya shi. Amma dodon shi ne asali, kada ka ba kowa aro, ko mai kwangila ne, ka buga masa kwafi.

Kafin ka ƙetare iyaka, ka ƙona fim ɗaya a nan gida cikin makon nan. Ka je babbar kasuwa ko wani tsohon siton gyaɗa, ka ɗauki goma a rana, goma a inuwa, goma a cikin ɗaki mai duhu a kan ƙafa uku, ka rubuta awon kowanne. Ragowar shidan ka bar kyamara a rana minti biyu tsakanin kowace ɗauka, da murfi a gilashi, don mu ga ko haske yana shiga ta baya. Ka kawo mini fim ɗin da littafin bayan sallar la'asar, mu wanke tare, ka riƙe tankin da hannunka.